Sauyin gas a injinan ɗumama ruwan wurin ninƙaya

Injin ɗumama ruwan wurin ninƙaya yana aiki ne kamar firji: yana zuƙo zafi daga iskar waje, gas ɗin da ke zagayawa a bututunsa ya ɗauke shi ya zuba a ruwa. Wannan gas ne ake sauyawa. Da farko R22 ne, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka kawar saboda yana cin lemar ozon. Magajinsa, R410A, ba ya cin ozon, amma kilo ɗaya da ya tsiyaye yana ɗumama duniya kamar kilo 2088 na iskar kabon. Gyaran Kigali na 2016 ya sa masana'antu komawa R32, mai lamba 675 a wannan ma'auni, yanzu kuma ana karkata ga R290, wato furofen, mai lamba 3 kacal.

Masu ɗari-ɗari suna cewa furofen yana kama wuta, kuma gaskiyarsu ne, domin ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Sai dai injin wurin ninƙaya a fili ake girke shi, gas ɗin a rufe yake cikin akwati ɗaya tun daga masana'anta, ruwa kaɗai ke shiga da fita. Abin kiyayewa shi ne nisanta injin da magudana da ramuka, tunda furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa. Tunda ana iya kiyaye haɗarin, tsayawa kan R32 jinkiri ne, musamman da dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta hana sayar da ƙananan injina masu akwati ɗaya da gas ɗinsu ya kai lamba 150 daga 2027.