Madogaran Tarihin Birnin Kano da Yadda Ya Kamata a Yi Aiki da Su

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Kano ya san shekarar 999 Miladiyya, wadda ake cewa a cikinta Bagauda ya hau sarauta. Mun haddace ta tun muna 'yan makaranta, muka kuma koya wa na bayanmu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi inda aka samo ta.

Babban madogararmu shi ne littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya fassararsa ta Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Abin lura a nan shi ne, marubucin bai kawo shekarar hawan Bagauda ba. Tsawon mulkin kowane sarki yake faɗa. Palmer ne ya tattara waɗannan shekaru ya yi lissafi baya-baya har ya dira a kan 999. Ke nan idan an yi kuskure a tsawon mulkin sarki ɗaya, duk na gabansa sun goce. Ya kamata ɗalibi ya san cewa ƙiyasi ne.

Wannan ne ya sa masana ba sa dogara da littafi guda. Ga misali. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wajen 1349 zuwa 1385. Amma littafin Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650, ya nuna cewa shugabansu Abdurrahman Zaite ya zo ne a zamanin Muhammadu Rumfa, wato 1463 zuwa 1499, har ya haɗu da Shehu Maghili. Tsakanin zantukan biyu akwai kusan shekara ɗari. Mai bincike ba zai jefar da ɗaya ba. Sai ya duba wane ne ya rubuta, yaushe, kuma don wa.

Haka abin yake ga sauran madogarai. Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi ya ba da labarin jihadi a Kano ta bakin waɗanda suka yi nasara. Waƙar Bagauda tana da nata jerin sarakuna, wanda bai dace da na Tarihin Kano a ko'ina ba. Matafiyin nan Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma yi bayanin saƙa da rini da ciniki, amma idon baƙo ne. Rahotannin Turawan mulki na bayan 1903, da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, suna cike da sunayen garuruwa da ƙidayar jama'a, sai dai yawancinsu don haraji aka yi su, kuma talaka ba ya faɗa wa mai karɓar haraji dukan gaskiya. Ita kuwa ƙasa tata shaidar daban ce: burbushin tama da aka haƙo a Dala ya nuna ana narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7, tun kafin Bagauda.

Saura madogara ɗaya da babu ita a kowace ma'ajiya, wato takardun da ke gidajenmu: wasiƙun sarakuna, takardun gado da na cinikin gida, da salsalar malamai da ake rubutawa a gefen littafi. Na sha ganin gafaka an buɗe ta bayan rasuwar mai ita, aka tarar gara ta gama da rabi. Saboda haka muna roƙon dattawa su fito da abin da ke hannunsu a ɗauki hotonsa, malamai kuma su tura ɗalibai unguwanninsu su rubuta abin da tsofaffi suka sani tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.