Yadda ake amfani da hoto wajen koyar da ilmin jikin ɗan Adam

Kafin a bar ɗalibin likita ya taɓa majiyyaci, sai ya san ƙirar jikin ɗan Adam da kuma yadda kowace gaɓa take aiki.

Karatu ne mai yawan gaske. A jikin baligi akwai ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600, kuma kundin sunayen sassan jiki da masana na ƙasashen duniya suka amince da shi a shekara ta 1998 yana ɗauke da sunaye kimanin 7,500.

To amma haddace sunaye kaɗai ba ya wadatarwa. Ma'aikaciyar jinyar da za ta yi wa yaro allura a mazaunai tana bukatar ta hango, a cikin zuciyarta, inda babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa ta bi, domin idan allura ta soke ta, ƙafar na iya shanyewa. Dalili ke nan da ake koya wa ɗalibai su raba wurin gida huɗu, su yi allurar a ɓangaren sama na waje.

Wannan gani na zuci shi ne abin da malaman fannin ke ƙoƙarin dasa wa ɗalibi, kuma da hoto suka fi yin wannan aiki.

Daga Iskandariyya zuwa Shiraz

Kimanin shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, likitoci biyu na Girka, Herophilus da Erasistratus, sun feɗe gawarwakin mutane a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar domin nazari. Bayansu al'adar ta ɓace na tsawon ƙarnoni.

Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, ya rayu a ƙarni na biyu, kuma birai da aladu da shanu ya riƙa feɗewa, sannan ya kwatanta da mutum. Littattafansa sun yi fiye da shekaru 1,000 ana koyarwa da su, da daidai ɗinsu da kurensu. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, ya kuma ce jini yana ratsa wasu ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu.

Malaman duniyar Musulmi sun gaji wannan ilmi, sun kuma yi masa gyara. Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, ya rubuta a sharhinsa kan littafin Ibn Sina cewa babu wata kafa a bangon zuciya, kuma sai jini ya bi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu.

A Andalus, al-Zahrawi ya sanya zanen kayan fiɗa kimanin 200 a cikin kundinsa al-Tasrif. A ƙarshen ƙarni na 14 kuma, Mansur ibn Ilyas na birnin Shiraz ya rubuta littafi da Farisanci mai ɗauke da zanen mutum sukutum, inda ya ware shafi guda ga ƙasusuwa, wani ga tsoka, wasu kuma ga nau'o'in jijiyoyi.

Wannan tsari na nuna sashe ɗaya a kowane hoto, a bar sauran, har yanzu da shi ake aiki.

Littafin Vesalius

Babban sauyi ya zo ne a 1543, lokacin da Andreas Vesalius, malami a Jami'ar Padua ta Italiya, ya buga littafinsa kan ginin jikin mutum a birnin Basel, yana da shekaru 28.

Shi da kansa yake feɗe gawa a gaban ɗalibai, masu zane kuma suna zana abin da ido ya gani. Ta haka ya nuna cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ƙashin ƙirji kuma gaɓa uku ne, saɓanin bakwai da aka daɗe ana koyarwa. Injin ɗab'i ya sa hoto iri ɗaya ya isa hannun ɗalibai a ƙasashe da dama, ba tare da kuskuren masu kwafa da hannu ba.

A 1858 aka buga Gray's Anatomy a London, da hotuna 363 waɗanda likita Henry Vandyke Carter ya zana. Abin da ya fito da littafin shi ne yadda aka rubuta sunayen gaɓoɓi a jikin hoton kansa, ta yadda mai karatu ba sai ya je neman ma'anar wata lamba a ƙasan shafi ba.

Zamanin na'ura

Gano hoton ƙashi da Wilhelm Röntgen ya yi a Jamus a 1895 ya ba da damar leƙa cikin jikin mai rai a karon farko ba tare da an tsaga shi ba. A 1971 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majiyyaci na farko da na'urar CT a London, wadda ke nuna jiki yanki-yanki.

A 1994 Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya fitar da hotunan gawar wani mutum da ya ba da jikinsa, wadda aka daskarar aka yanka fiye da yanki 1,800, kowanne kaurin milimita ɗaya. Daga irin waɗannan hotuna aka gina manhajojin kwamfuta da ɗalibi zai iya juya zuciya ko ƙoda ta kowace fuska.

A ɗakin lacca kuwa, majigi ya maye gurbin alli a wurare da yawa, musamman bayan fitowar PowerPoint a 1987. Sauƙin da ya kawo ya zo da nasa illar, domin malami na iya haska shafi 80 cikin sa'a guda, kowanne cunkushe da rubutu.

Abin da bincike ya nuna

A 1971 Allan Paivio, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa na ajiye kalmomi ta hanya guda, siffofi kuma ta wata hanyar, kuma abin da ya shiga ta hanyoyin biyu ya fi saurin tunuwa. A 1988 John Sweller na Australiya ya jawo hankali ga cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne.

Richard Mayer na Jami'ar California ya haɗa waɗannan da nasa gwaje-gwajen a wani littafi na 2001. Daga cikin ƙa'idojin da ya fitar akwai sanya suna kusa da abin da yake nunawa, da cire duk wani adon da ba ya koyar da komai, da kuma rarraba darasi mataki-mataki.

Ya kuma gano cewa idan aka haska hoto tare da dogon rubutu, malami kuma yana karanta rubutun da baki, fahimta tana raguwa, saboda ido ya rabu tsakanin hoto da haruffa.

Darasin ƙoda misali ne. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kuma biyun suna tace ruwa kimanin lita 180 a yini, amma lita ɗaya zuwa biyu ne kawai ke fita a matsayin fitsari. Idan aka haska cikakken zanen a lokaci guda, da kibiyoyi 30, ɗalibi sai ya rasa ta inda zai fara. Idan kuwa aka fara da bututu ɗaya, aka nuna inda ruwa ke shiga, sannan inda gishiri da sukari ke komawa cikin jini, yana iya bin sawun.

Launi ma yana da aiki. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. A hoto ana bambanta su: ja ga masu fita da jini daga zuciya, shuɗi ga masu komawa da shi, rawaya ga masu kai saƙo.

Hoto a zuci

A gaban majiyyaci babu majigi, don haka malamai kan sa ɗalibi ya rufe littafi ya zana gaɓar da ka, ko ya rufe ido ya bi ɗigon jini guda daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu, ya dawo hagu, ya fita zuwa jiki. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi maimaita karanta shi amfani idan an ɗauki kwanaki.

Wasu makarantun kan sa ɗalibai su laluba ƙasusuwa da bugun jini a jikinsu, ko su zana huhu da hanta da fenti a fatar wanda ya amince.

Sai dai ba kowa ne ke iya hango siffa a zuci ba. A 2015 Adam Zeman na Jami'ar Exeter a Birtaniya ya bai wa wannan yanayi suna. Irin waɗannan ɗalibai sukan fi dogara ga taɓawa da zane da bayanin baki.

Inda hoto ke ɓatarwa

Kowane zane zaɓi ne na mai zanen. Shuɗin launin da ake yi wa jijiyoyi ya sa mutane da yawa sun ɗauka akwai shuɗin jini, alhali kuwa duk jinin mutum ja ne, sai dai wani ya fi wani duhu.

Littafi kan nuna jiki iri ɗaya, amma halitta ta bambanta. Akwai waɗanda ake haifa da ƙoda ɗaya, kuma kusan mutum ɗaya cikin 10,000 zuciyarsa tana dama, hantarsa tana hagu.

Haka nan yawancin hotunan littattafan na fararen fata ne, alhali ƙuraje da kumburi ba sa bayyana iri ɗaya a baƙar fata. A 2021 zanen da wani ɗan Najeriya, Chidiebere Ibe, ya yi na baƙin jariri a cikin mahaifa ya bazu a intanet, ya kuma tayar da muhawara kan wannan giɓi.

Batun gawa

Waɗannan dalilai ne suka sa galibin makarantu ke ci gaba da feɗe gawa, ko da yake makarantar likitanci ta Peninsula a Ingila ta buɗe a 2002 ba tare da ita ba. A Najeriya, inda dokar da ta tsara wannan aiki ta samo asali tun 1933, makarantu sun fi dogara ga gawarwakin da ba a samu masu su ba, kuma ɗalibai da yawa kan taru a kan gawa guda.

A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka, ta halatta feɗe gawa don koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa: a samu izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa, a tsaya a iyakar bukata, a kuma binne dukkan sassan bayan an kammala.

Malamai da dama kan haɗa hanyoyin ne: ɗalibi ya fara ganin zane, ya je ya duba gawa ko hoton na'ura ya ga inda suka saɓa, sannan a karɓe littafin a ce ya zana da kansa.