Yadda Kimiyya Ta Daina Kashe 'Ya'yan Kifi Don Sanin Ko Sun Shirya Tafiya Teku

Jama'a, yau tarihi za mu taɓa kaɗan. Kifin salmon na Amurka da Turai a kogi ake ƙyanƙyashe shi, amma a teku yake girma. Kafin ya bar kogin sai jikinsa ya sauya: launinsa ya koma kamar azurfa, sannan gaɓar numfashinsa da ke gefen kai ta koyi fitar da gishiri. In an sake shi cikin ruwan gishiri bai shirya ba, mutuwa zai yi. To ta yaya masu kiwo za su gane lokaci ya yi?

A 1957 wani masani ɗan Denmark, Jens Skou, ya gano sinadarin da ke tura gishiri waje daga ƙwayoyin jiki, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1997. Daga baya aka lura sinadarin na ƙaruwa a gaɓar numfashin kifin da ya shirya. Matsalar ita ce sai an kashe kifin kafin a auna.

Abin ya zama damuwa sosai a 1991, lokacin da Amurka ta saka salmon nau'in sockeye na Kogin Snake cikin masu barazanar ƙarewa. Kifin da ya kusa ƙarewa ai ba a kashe shi don gwaji.

A 1993 Stephen McCormick ya fito da mafita: a sa wa kifin maganin barci, a tsinke ɗan mitsitsin nama daga gaɓar, a auna, kifin ya farfaɗo ya ci gaba da iyo. Wasu kuma suka koma amfani da kyamara da kwamfuta wajen auna ƙyallin fatarsa.

Ga inda abin zai burge ku. Tun shekarun 1980 ake saka wa kifayen Kogin Columbia wata 'yar na'ura mai tsawon milimita 12, babu batir, kamar katin banki da ake taɓawa a POS. Duk madatsar ruwa mai na'urar karantawa da kifin ya ratsa, lambarsa za ta shiga kwamfuta. Da yake kifin da aka auna yana raye, ana iya bibiyar sa har a ga ko ya dawo.

Ku tura wa abokanku masu kiwon kifi, su ga inda fasaha ta kai.