Daga Kasuwar Malam Atta zuwa bakin tekun Turai: yadda ake tsara masauki da mota kafin shiga jirgin ruwa

Jirgin ruwan yawon buɗe ido, wanda masu jin Faransanci ke kira croisière, yana da sa'ar da yake barin tasha, kuma ba ya jinkirta ta saboda fasinjan da jirgin samansa ya makara. Wanda ya iso bayan an rufe ƙofa ya yi asarar kuɗin ɗakinsa, ko kuma ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Saboda haka ga mazauna Nima da Maamobi da kewayen Kasuwar Malam Atta a birnin Accra, da ma 'yan'uwansu da ke zuwa daga Lome ko Kwatano ko Yamai don su tashi daga Ghana, abin da ya fi bukatar shiri a irin wannan tafiya shi ne kwanaki biyun da ke gabanta: inda za a kwana a Accra, motar da za ta kai mutum filin jirgi, da otal ɗin da zai sauka a Turai kafin ranar shiga jirgin ruwa.

Masauki a Zango

Kasuwar Malam Atta, wadda mutanen gari ke taƙaita sunanta zuwa Malata, tana unguwar Accra New Town, kusa da Nima da Maamobi. Wannan yanki ya daɗe yana karɓar baƙi. Nima kanta ta samo asali ne a shekarun 1930, lokacin da wani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya samu fili a wurin daga hannun mutanen Osu, kuma tun daga nan mutanen arewacin Ghana da Nijar da Najeriya da Mali da Burkina Faso ke ta ƙaruwa a cikinta, Hausa ta zama harshen da ke haɗa su.

Tsarin da zango ya ginu a kansa shi ne na maigida da baƙonsa. Bafatake yakan sauka gidan wani sanannen mutum, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Masu bincike irin su Polly Hill, da ta yi nazarin cinikin shanu a Kumasi, da Deborah Pellow, da ta rubuta littafi kan Sabon Zangon Accra, sun yi bayanin wannan tsari dalla-dalla. Har yau ragowarsa na aiki: wanda ya zo daga Maraɗi ko Gaya ba ya rasa ɗan garinsu da zai ce masa ga ɗaki, ga yaron da zai raka shi filin jirgi.

Sai dai ɗakunan Zango ƙanana ne, gidajen kuma a cike suke, don haka iyali masu akwatuna da yawa sukan gwammace gidan saukar baƙi na kuɗi a Kokomlemle ko Kanda ko Accra New Town. Hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ce ke ba irin waɗannan gidaje lasisi, kuma baƙo na da damar neman ganin takardar kafin ya biya. Otal-otal na unguwar Airport sun fi kusa da filin jirgi, wasunsu ma na da motar da ke kai baƙi, amma farashinsu ya ninka na cikin gari.

Wanda zai shigo ta hanyar mota ya kamata ya isa Accra aƙalla kwana biyu kafin tashinsa. Daga iyakar Aflao zuwa Accra kusan kilomita 190 ne, amma babu mai iya cewa awa nawa za a ɓata a kan iyaka. Masu fitowa daga Nijar lamarinsu ya fi wuya tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, inda aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kamfanin Air France kuma ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan shekarar. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su yi zirga-zirga ba biza har sai an sanar da wani sabon mataki. Katin rigakafin cutar shawara kuwa Ghana na neman sa daga duk mai shigowa. Akwai kuma batun agogo: Ghana da Togo suna bayan Nijar da Benin da Najeriya da awa ɗaya.

Daga Zango zuwa filin jirgi

Filin jirgin saman Accra, wanda aka fi sani da Kotoka, bai kai kilomita 10 daga Malata ba, kuma jiragen ƙasashen waje na tashi ne daga Terminal 3 da aka buɗe a 2018. Kusancin ne ke yaudarar mutane. Akasarin jiragen Turai, irin su KLM zuwa Amsterdam, Air France zuwa Paris, Brussels Airlines da British Airways, da dare suke tashi, abin da ke nufin fasinja zai bar gida daidai lokacin da ma'aikata ke tasowa daga aiki, titin Nima da na Kanda da mahaɗar 37 duk sun cushe. Kamfanoni na son fasinja ya iso awa uku kafin tashi. Mai lissafi yakan ƙara awa ɗaya a kan haka saboda hanya.

Da damina abin ya fi haka. Ruwan watan Mayu da Yuni kan cika kwatar Nima da rafin Odaw, ya datse hanyoyin da ke bi ta Circle. Mutanen yankin ba su manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka hallaka mutane fiye da 150. In hadari ya haɗo ranar tafiya, gara a zauna a filin jirgi awa biyar da a zauna a cikin mota ana kallon ruwa.

Trotro shi ne mafi araha, amma ba na mai akwati biyu ba ne. Tasi a Accra ba ta aiki da mita, sai a yi ciniki kafin a shiga idan shata za a ɗauka. Manhajojin Uber da Bolt da Yango suna nuna farashi tun kafin a tashi, ana kuma iya biya da kuɗi a hannu. Matsalarsu a Zango ita ce lungu: mota ba ta shiga yawancinsu, direba kuma ba zai gane kwatancen "bayan masallaci" ba a unguwar da kowane layi ke da masallacinsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne yara su fito da kaya bakin babban titi, a ba direba wata sananniyar alama, kamar Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ko lambar adireshin GhanaPost GPS da gwamnati ta ɓullo da ita a 2017. A duba tikiti da kyau kuma: jirgin da aka rubuta zai tashi ƙarfe 12 da 'yan mintuna na daren Asabar, daren Juma'a ake zuwa filin jirgi domin sa.

Tsarabar da ake saye a Malata da kasuwar Nima ma tana da doka. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu za su ƙare ne a hannun kwastan. Garin rogo da yaji ba su da wannan matsalar. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 dole ya bayyana su. Jiragen ruwan kansu galibi ba sa barin a shiga da dutsen guga ko butar lantarki.

Otal ɗin da biza ke tambaya

A Turai babu maigidan da zai tari baƙo, takarda ce ke tsaya masa. Mai neman bizar Schengen zai nuna shaidar inda zai kwana a kowane dare na tafiyarsa, har da daren da ke gaban shiga jirgin ruwa, tare da tikitin dawowa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Kuɗin biza ga baligi Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ana iya miƙa takardu tun watanni shida kafin tafiya, a ƙalla kuma kwana 15. Fasfo dole ya zama yana da sauran watanni uku bayan ranar barin Turai, kamfanonin jiragen ruwa da dama kuma watanni shida suke nema.

Abubuwa biyu ke yawan kayar da mutane. Na farko, a ƙa'ida ana neman biza ne a ƙasar da mutum ke zaune bisa doka, don haka ɗan Nijar da ya zo Accra ziyara kada ya ɗauka ofishin jakadancin da ke nan zai karɓi takardunsa kai tsaye. Na biyu, idan jirgin ruwan zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro sannan ya dawo Italiya ko Spain, to an fita daga yankin Schengen ke nan an sake shiga, kuma bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Sai a nemi ta shiga sau da yawa, a haɗa da jadawalin jirgin a cikin takardu. 'Yan Ghana da 'yan Najeriya na cikin jerin waɗanda ake nema wa biza ko da canjin jirgi kawai za su yi a filin jirgin wata ƙasar Schengen.

Tunda ba a san ko za a ba da biza ba, hikima ita ce a kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Ajiyar bogi da wasu 'yan kamasho ke bugawa mutane kuwa haɗari ce, domin ofishin jakadanci na iya kiran otal ɗin, jami'in kan iyaka ma na iya neman ganin takardar ranar da aka sauka.

Tsakanin filin jirgi da tashar ruwa

Sunan birnin da ke kan talla ba kullum ne inda jirgin yake ba. Tafiyar da aka ce ta tashi daga Roma, a Civitavecchia take farawa, kusan kilomita 80 daga tsakiyar birnin. Daga filin jirgin Fiumicino jirgin ƙasa na Leonardo Express na kai mutum tashar Termini cikin minti 32, daga Termini zuwa Civitavecchia kuma tafiyar awa ɗaya ce ko fiye, sannan a hau bas zuwa inda jirgin ya tsaya. Mai son ganin gari sai ya kwana kusa da Termini, inda unguwar Esquilino ke da shagunan halal. Mai tafiya da tsofaffi ya fi masa sauƙi ya wuce Civitavecchia ya kwana can. Haka Venice: tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, wasu sun koma Marghera, wasu Ravenna ko Trieste, waɗanda garuruwa ne daban.

Barcelona ta fi sauƙi. Filin jirgin El Prat bai wuce kilomita 15 daga gari ba, tasi masu launin baƙi da rawaya na aiki da mita, manyan jiragen kuma na tsayawa a Moll Adossat, wurin da bai dace a nufa da ƙafa ana jan akwati ba. Unguwar El Raval, kusa da tashar, tana da wuraren sallah da abincin halal, amma a kula da aljihu a kan titin La Rambla. Masu Faransanci sukan fi sakewa a Marseille, inda bas ke ɗauko mutane daga filin jirgin Marignane zuwa tashar jirgin ƙasa ta Saint-Charles, kusa da Belsunce da Noailles. Tashar manyan jiragen ruwan tana arewa da tsohuwar tashar Vieux-Port da tazarar kilomitoci, sai da mota.

Kamfanoni irin su MSC da Costa suna sayar da kujerar bas daga filin jirgi zuwa tasha. Kuɗinta kowane kai ne, don haka iyali mai mutum huɗu na iya samun tasi ta fi musu araha. A kowane filin jirgi, tasi ta gaskiya tana layinta a waje, ba ta bin fasinja cikin zaure tana yi masa tayi.

Jiragen Accra kan sauka Turai da sassafe bayan tafiyar awa shida zuwa bakwai, otal kuma ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana. Yawancinsu na karɓar ajiyar kaya kafin lokacin, in an tambaya. Akwai harajin kwana da birane irin su Roma da Barcelona da Marseille ke karɓa a kan kowane baƙo, wanda sau da yawa a teburin otal ake biyan sa, kuma otal na iya neman katin banki a matsayin jingina. MoMo ba ya aiki a can, Sidi da Sefa kuma da wuya a sami mai canza su, gara a canzo Yuro tun daga Accra. Da bazara agogon Italiya da Spain da Faransa na gaban na Ghana da awa biyu.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar da ke kaiwa Yuro 600 ga fasinjan doguwar tafiya da kamfanin jirgin Turai ya makarar da shi sosai bisa laifin kamfanin. Wannan diyya ta jirgin sama ce kawai, ba ta biyan kuɗin jirgin ruwan da ya tafi. Inshorar lafiyar da ake yi don biza ma ba ta rufe wannan asara, sai wanda ya sayi inshorar tafiya da ta ambaci makara a fili. Lambar wayar wakilin jirgin a tasha tana cikin takardun da kamfani ke turowa, kuma ita ake fara kira tun daga filin jirgi idan aka ga lokaci zai ƙure.