Babban Gwani Mikaila, maginin da ya gina masallacin Zariya

Yau tarihinmu ya kai mu Zariya.

A zamanin da Sarauniya Biktoriya ta hau gadon Ingila, a 1837, Sarki Abdulkarimu ne ke sarautar Zazzau. Shi ya sa Malam Mikaila, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na birnin. Ba siminti, ba ƙarfe. Tubali ne da laka da azarar giginya, ya lanƙwasa su bakan gizo, ya ƙawata ginshiƙai da zanen hannu. Ana ba da labari wai da ya gama wani masallacin a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa.

Ginin ya haura shekara 180 a tsaye. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe ya rufta, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

Mu ma a Nijar muna da Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986. To amma nan Arewa, yara nawa ke koyon ginin ƙasa? Ginin laka yaɓe yake so duk shekara, kuma in tsofaffin magina suka tafi ba magaji, shi ke nan. Mu tura masu yaranmu tun suna raye.