Mahrusa: Jirgin Sarauta da Bashin Masar

Kafin zuwan injin tururi, wato injin da ake ƙona kwal a tafasa ruwa domin ƙarfin tururin ya motsa shi, sarkin da ya hau teku ba shi da iko da ranar isarsa, domin jirgin da iska ke turawa yakan tsaya idan iskar ta kwanta, ko wane ne a cikinsa. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ɗanɗana wannan a 1842, lokacin da sai da jiragen tururi suka ja jirginta zuwa Sikotland, abin da ya sa aka ƙera mata jirgin tururi mai suna Victoria and Albert a 1843, kuma a shekarar ta ziyarci Sarkin Faransa a cikinsa. Daga nan jirgin sarauta ya zama fada mai tafiya, wadda ake sa wa ranar tashi da ta sauka.

Sai dai ba kowane mai sarauta ne ke da masana'antar ƙera irin wannan jirgi ba, kuma a nan ne labarin jirgin Mahrusa yake da muhimmanci. Kamfanin Samuda Brothers na Landan ya ƙera shi a 1865 domin Isma'il Basha, mai mulkin Masar a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda a 1867 ya samo laƙabin Kidewi, muƙamin da ya ɗara na gwamna amma bai kai na sarki mai cin gashin kansa ba. Burin Isma'il shi ne sarakunan Turai su ɗauke shi tsaransu, kuma jirgin na daga cikin hujjojin da ya gabatar. Da aka buɗe mashigin Suwez ranar 17 ga Nuwamba 1869, Mahrusa ya shiga jerin gwanon jiragen bikin buɗewar, amma jirgin Ujini, matar Sarkin Faransa Napoliyon na Uku, shi ne a gaba, alhali a ƙasar Masar aka haƙa mashigin, kuma talakawanta ne suka fara haƙarsa da aikin tilas.

Kuskure ne a ɗauki jirgin a matsayin almubazzaranci kawai, domin a siyasar wancan zamani ana auna darajar ƙasa da irin abin da mai mulkinta ya hau ya zo taro. Illar tana wajen biyan kuɗin wannan daraja: bankunan Turai ne ke ba Isma'il rance da ruwa mai tsanani, kamfanonin Turai kuma su karɓe kuɗin ta hanyar kwangila. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a kamfanin mashigin a kan kusan fam miliyan 4, shekara ɗaya bayan haka kuma masu bin bashi suka fara sa ido a kan baitulmalin ƙasar.

A 1879 Ingila da Faransa suka matsa wa Sarkin Turkiyya Abdulhamid na Biyu har ya tuɓe Isma'il, kuma Mahrusa ne ya kai shi gudun hijira Italiya. Jirgin dai ya sake yin wannan tafiya a Yulin 1952, ɗauke da jikansa Sarki Faruk, bayan da hafsoshin soja suka ƙwace mulki.