Igiyar Fremont

Duk Pontiac Vibe da ke yawo a titunan Kano da Kaduna daga gini ɗaya ta fito. Ba a taɓa ƙera ta a wani wuri ba sai a garin Fremont na jihar Kalifoniya, a wata masana'anta da ake kira NUMMI. Haka ma Corolla 'yar Kwatano da lambar shasinta ta fara da 1NX. Makanikai sun san in aka ɗaga bonet ɗin Vibe injin Toyota za a tarar, ko da yake sunan da ke goshinta na kamfanin General Motors ne. Yadda aka yi wannan haɗin gambiza labari ne da ya kamata duk mai riƙe da ma'aikata ya sani, ko da mutum biyar ne a ƙarƙashinsa.

Ni ba ɗan mota ba ne, a masaƙa ƙarfina ya ƙare. Abin da ya ja ni ga tarihin wannan gini shi ne tambayar da na bar aiki da ita a raina: me ya sa gyara ba ya ɗorewa? Na sha ganin an kawo ƙwararru, an ja layin fenti a ƙasa, an kafa alluna, aiki ya miƙe. Kafin damina ta zagayo fentin ya goge, kowa ya koma gidan jiya.

General Motors, wato GM, ya buɗe masana'antar Fremont a farkon shekarun 1960, ya rufe ta a 1982. A lokacin da aka rufe ta, hatta shugabannin ƙungiyar ƙwadago sun yarda cewa da wuya a sami ma'aikata masu baƙin suna kamar na can a duk Amurka. A kowace rana kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki. Ƙorafe-ƙorafe dubbai suna jibge ba a saurara ba. Tsofaffin ma'aikatan da bakinsu sun ba da labarin shan giya a bakin aiki, da yadda wanda aka ɓata wa rai zai jefa kwalba cikin ƙofar mota a rufe da ita, don ta riƙa ƙara ta dami mai saye. Doka ɗaya ce kowa ke tsoro: kada layin haɗa mota ya tsaya. In noti ya ƙi ɗauruwa sai a bar shi ya wuce, na gaba ya ɗora nasa aikin a kai, har motar ta fita fili inda wata runduna ke zaman kwancewa da sake ɗaurawa.

Wannan doka na san ta farin sani. A ɗakin saƙa da yawan yadi ake auna mutum. Zare zai tsinke, ko inji ya fara tsallake, masaƙi yana gani da idonsa, amma ya san in ya kashe inji allon lissafi zai nuna shi ne na baya, kuma helima zai zo masa da faɗa. Sai ya kau da kai. Aibin ya yi ta tafiya cikin yadi har bandir ya cika, sai a teburin dubawa a gano, lokacin da babu abin yi illa a sayar da shi da araha. Masaƙin nan ba mugu ba ne. Ya karanci abin da gidan yake saka wa mutum a kai, ya bi.

Abin da ya ƙara sa labarin Toyota ya shiga raina shi ne su ma daga saƙa suka taso. Sakichi Toyoda ya kammala wani injin saƙa a 1924 wanda ke tsayar da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, ta yadda mutum ɗaya zai iya lura da injuna da dama ba tare da an saƙa ɓarna ba. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin mota a 1937. Taiichi Ohno, wanda ya gina tsarin aikin Toyota, shi ma a masaƙar gidan ya fara a 1932, bai koma ɓangaren mota ba sai 1943. Ya taho da tunanin masaƙa: aibi a inda ya auku ake tare shi. Sai ya ba ɗan Adam ikon da aka ba inji. Aka rataya igiya a saman layi, kowane lebura yana da iznin ja.

Akwai kuma abin da ya faru a 1950. Kamfanin ya kusa durƙushewa, aka yi yajin aiki, aka sallami mutum wajen 1,600, Kiichiro ya sauka daga kujerarsa. Tun daga nan Toyota ya ɗauki korar ma'aikatan dindindin a matsayin abin da ake gudu iyakar gudu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga batun gyara. Ba wanda zai nuna wa mai gida hanyar da mutum huɗu za su yi aikin mutum biyar in ya san shi ne na biyar ɗin da za a sallama.

A farkon shekarun 1980 buƙata ta haɗa kamfanonin biyu. Amurka ta matsa wa Japan ta rage shigo da motoci, Honda ya riga ya fara ƙera mota a jihar Ohio a 1982, Toyota kuwa yana son ya gwada ko tsarinsa zai yi aiki da ma'aikatan Amurka. GM yana son ƙaramar mota mai inganci, yana kuma son ya leƙa sirrin. A 1984 suka sake buɗe tsohon ginin tare, Toyota ke gudanarwa. Ƙungiyar ƙwadago ta dage sai an mayar da mutanenta, aka kuwa mayar: fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne masu baƙin suna.

Aka kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka a Japan, suka yi 'yan makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da mutanen can. Abin da suka gani ke nan. Mota tana zuwa gaban mutum, yana da kamar minti ɗaya ya gama nasa. Noti ya ƙi shiga. Ya miƙa hannu ya ja igiya. Fitila ta kama a wani allo da ke sama, ɗan kiɗa ya tashi, shugaban rukuni, wanda ke lura da mutum huɗu ko biyar, ya taho da sauri. In sun warware kafin motar ta kai wani layi da aka ja a ƙasa, sai ya sake jan igiyar, aiki ya ci gaba, layin bai ma tsaya ba. In abin ya faskara, layi ya tsaya. Ba a tambayi wa ya yi ba. Bayan haka za a zo a zauna da leburan a bi diddigi: notin ne ya zo da lahani daga mai kawowa, ko sifanar ce ba ta dace da hannu ba, ko tsayuwar ce ke sa shi lanƙwasa fiye da kima? In ya ce da bakin sifanar ya ɗan karkata da ya fi, sai a ƙero masa ita. Ana jan igiyar nan sau ɗaruruwa a rana, kuma ranar da aka ga ja ya yi ƙaranci manaja damuwa yake yi, don ya san an fara ɓoye masa.

Sai kuma takardar aiki, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan ɗorewa. A zamanin GM injiniya ne ke tsayawa a bayan lebura da agogo yana ƙirga masa daƙiƙa. A NUMMI agogon aka danƙa wa ma'aikatan. Su suke auna aikinsu, su rubuta matakansa ɗaya bayan ɗaya, su liƙa a wurin. Mai aikin safe da mai aikin dare hanya ɗaya suke bi. Wanda ya gano dabarar da ta fi, a gwada, in ta tabbata a sauya takardar, ta zama ita ce ƙa'ida. Ta haka gyara ba ya bin mai shi gida ranar da ya yi ritaya.

Motar farko, Chevrolet Nova, ta fito a Disamban 1984. Fashin aiki ya sauko zuwa wajen kashi 2 ko 3 cikin ɗari. Masu binciken jami'ar MIT sun kwatanta alƙaluman 1987: masana'antar GM ta Framingham tana cin awa 31 kafin ta haɗa mota ɗaya, da aibi 135 a kowace mota ɗari, Takaoka awa 16 da aibi 45, Fremont awa 19 da aibi 45. A Fremont kuwa ginin da, mutanen da, ƙungiyar ƙwadagon da ne. A 1988 kasuwa ta faɗi, aiki ya ragu zuwa wajen kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin masana'antar, amma ba a sallami kowa ba. Aka tura waɗanda ba su da abin yi horo da ayyukan gyare-gyare. Ina jin a shekarar ne ma'aikatan suka gaskata abin da aka faɗa musu.

Kada a ɗauka aljanna ce. Aikin yana da sauri, ba ya barin mutum ya huta tsakanin mota da mota. An sami ɓangaren adawa a cikin ƙungiyar ƙwadago, kuma a farkon shekarun 1990, da aka sauya samfurin mota, ciwon hannu da baya ya yawaita har hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta jihar ta tuhumi kamfanin. An gyara daga baya, amma waɗanda suka ji ciwon sun ji.

Abin takaici shi ne yadda GM ya yi da darasin da ya biya kuɗi ya saya. Ya aika manajoji 16 su koya. Da suka gama, maimakon a haɗa su a ba su masana'anta guda su juya ta, sai aka watsa su ɗaya-ɗaya cikin kamfani mai ma'aikata dubu ɗaruruwa, kowa ya zama bare a inda ya je. Shugaban kamfanin, Roger Smith, hankalinsa na kan na'urori. Ya zuba biliyoyin daloli a kan mutum-mutumi, har a sabuwar masana'antar Hamtramck da aka buɗe a 1985 aka ga injunan fenti suna fesa wa juna maimakon mota. A Van Nuys, a cikin Kalifoniyar dai, an gwada kwaikwayon Fremont. Ma'aikatan can ba su taɓa ɗanɗana rufewa ba, suna kuma ganin sabon tsari zai cinye musu darajar daɗewa a aiki, su kuma masu kula da su ba sa son rasa iko. An rufe ta a 1992. A wasu wuraren an rataya igiyar, amma ladan manaja yana nan a kan yawan motocin da suka fita, saboda haka wanda ya ja sai ya sha tsawa. Ko ya ja ɗin ma, in kayan ne suka zo a karkace, ba wanda zai saurare shi a ofishin zane da ke Detroit, alhali a Fremont ƙorafin lebura yana iya kaiwa har ga mai ƙera kayan. Baƙi sun riƙa zuwa suna ɗaukar hoton igiya da alluna. Abin da ke faruwa bayan an ja ba ya fitowa a hoto.

GM ya koya daga baya. Jack Smith, wanda ya jagoranci ƙulla yarjejeniya da Toyota, ya zama shugaba a 1992, aka gina masana'antar Opel, reshen GM a lokacin, a Eisenach ta Jamus a kan wannan tsari, sannu a hankali waɗanda suka ratsa ta Fremont suka yi yawa har muryarsu ta fara tasiri. Ingancin motocinsa ya ƙaru sosai. Sai dai kamfanin da ke riƙe da kusan rabin kasuwar Amurka a 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu kafin 2008, a Yunin 2009 kuma ya shiga kotun fatara, ya janye hannunsa daga NUMMI. Shi kansa Toyota bai tsira ba. Tsakanin 2009 da 2010 ya janye motoci miliyoyi saboda matsalar totur, kuma a Fabrairun 2010 Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya zauna gaban majalisar dokokin Amurka ya amince cewa kamfanin ya faɗaɗa da saurin da ya wuce yadda yake iya horar da mutanensa.

Toyota ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin Fremont shi kaɗai ba. Ranar 1 ga Afrilun 2010 Corolla ta ƙarshe ta sauko daga layi, bayan motoci kusan miliyan 8 cikin shekara 25. Mutum wajen 4,700 suka rasa aiki, ba don aikinsu ya lalace ba, domin har shekarun ƙarshe masana'antar tana karɓar lambobin yabo na inganci. A shekarar ce kamfanin Tesla ya sayi ginin a kan dala miliyan 42.